Manomi Ba Ya Ritaya: Wa Zai Biya Kuɗin Maganin Dattijo?

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a kan benci a wani kemis na bakin titi a Gwarzo, ina jiran mai shagon ya sallame ni, sai ga wani dattijo ya jingine kekensa ya shigo. Gemu ya yi furfura, amma da sauran ƙarfinsa, ƙafafunsa duk ƙurar gona. Ya zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta an sake ninkewa har ta fara yagewa, ya miƙa. Mai kemis ya duba, ya yi lissafi, ya faɗi kuɗin maganin wata guda. Dattijon ya yi jim, sannan ya ce, "Yaro, yanko min na kwana biyar."

"Baba, wannan fa na hawan jini ne. Likita cewa ya yi kullum, ba fashi."

"Na ji. In Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa na sayar da ɗan waken da ya rage, sai in dawo."

Mai kemis ya ɗauko almakashi, ya yanke ƙwaya biyar daga jikin katin, ya ƙulle su a 'yar leda. Dattijo ya biya, ya hau kekensa. Ba wanda ya tambaye shi shekarunsa, domin ko hamsin da biyar gare shi ko saba'in, kuɗin ɗaya ne.

Abin da ya sa na tuna da wannan dattijo shi ne wata muhawara da aka tafka a Ingila. A can, duk wanda likitan gwamnati ya rubuta wa magani yana biyan ƙayyadadden kuɗi a kan kowane nau'i, wanda ya kai fam 9.90 tun daga watan Mayun 2024, amma da zarar mutum ya cika shekara 60 sai a daina karɓar ko sisinsa. To, kafin 2021 shekarun fara karɓar fanshon gwamnati sun tashi zuwa 66. A 2021 sai gwamnati ta nemi jin ra'ayin jama'a, tana cewa me zai hana waɗanda ke tsakanin 60 da 66 su ci gaba da biya, tunda da yawansu suna aiki suna ɗaukar albashi? Ƙungiyoyin tsofaffi da na likitoci da masu harhaɗa magani suka yi ca. Hujjarsu ita ce a daidai waɗannan shekaru ne cututtuka ke taruwa wa mutum biyu-biyu, uku-uku, kuma duk wanda kuɗi ya matse shi zai riƙa tsallake magani har ya ƙare a gadon asibiti, inda gwamnati za ta kashe ninkin abin da ta yi tattali. A watan Yunin 2023 gwamnati ta janye, aka bar abin a 60. Maƙwabtansu na Sikotilan da Wales kuwa sun daɗe da soke wannan kuɗi ga kowa da kowa.

Idan aka ɗauko wannan tambaya aka kawo ta garuruwanmu irin su Getso ko Garo, sai ta zama kamar rigar aro, ta yi yawa a wani wuri ta matse a wani. Su can gardamarsu a kan wanda bai kai ritaya ba ce, domin wanda ya kai an riga an ɗauke masa. Mu a nan abin a kife yake. Ma'aikacin da ke ɗaukar albashi shi ne mai ɗan sauƙi, wanda ya ajiye aiki shi ke shiga uku, manomi da ɗan kasuwa da mai dakau kuwa ba su taɓa shiga lissafin ba tun farko.

Bari in fara da ma'aikacin. Tsarin inshorar lafiya na tarayya ya fara aiki a 2005, zamanin Obasanjo, kuma a ƙarƙashinsa ma'aikaci kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, asusu ya biya sauran. Jihar Kano ta yi dokar kafa tata hukumar ta taimakekeniyar lafiya a 2016, inda ake cirar wani kaso daga albashin ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma kowane wata, shi da iyalinsa su samu asibitin da za su riƙa zuwa. Dabara ce mai kyau, kuma ta rufa wa mutane da dama asiri. Sai dai an ɗaure ta ne a ƙugun albashi. Ranar da albashi ya tsaya, in ba a yi wa mutum wani sabon tanadi ba, igiyar ta tsinke.

Na ga wannan a gidanmu. Wani kawuna malamin firamare ne a ƙasar Kabo, ya kama aiki yana ɗan saurayi, saboda haka shekarun aikinsa suka cika tun bai kai sittin ba. Ciwon suga ya kama shi yana kan aiki, kuma a lokacin abin da yake biya a wata bai taka kara ya karya ba. Bayan ya ajiye alli da 'yan watanni na raka shi wani asibiti karɓar magani. Yarinyar da ke kan tebur ta duba takardunta sama da ƙasa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, sunanka ba ya cikin na wannan watan." Ya ce, "'Yata, ciwon dai yana nan cikin na wannan watan." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga ranar ya koma biyan kuɗi cif, ga fansho bai kai rabin abin da ya saba gani ba, ga garatuti ana ta jira. Alluran insulin ɗinsa a cikin gwangwani yake ajiye su, ya tura ƙarƙashin randa inda ƙasa ke da sanyi, saboda wutar da za ta riƙe firji sai an yi sa'a.

Kawu ma ɗan gata ne idan aka kwatanta. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da dubu 180 a ƙaramar hukumar Gwarzo, sama da dubu 150 a Kabo, kuma yanzu sun ƙaru sosai. Nawa ne cikinsu ke da takardar albashi? 'Yan tsiraru. Sauran masu noman dawa da masara da gyaɗa ne, da masu noman rani a bakin dam ɗin Guzuguzu, da masu kiwo, da masu kai kaya kasuwar Getso, da matan da ke sana'a a cikin gida. Waɗannan ba su san wata aba ritaya ba. Manomi yana barin gona ne ranar da gwiwa ta ƙi, ko ido ya dushe, ko ɓarin jiki ya shanye. Ka ce za ka ɗauke masa kuɗin magani idan ya kai shekarun ajiye aiki, ka yi masa alƙawari ne da ranar da ba ta cikin kalandarsa.

Ita kanta gwamnati ba ta tsayar da magana ɗaya a kan wane ne tsoho ba. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa, don haka wanda ya shiga yana ɗan 20 zai fita yana 55. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65, farfesoshi kuwa sai 70. Manufar ƙasa kan tsufa ta 2021 tana lissafi daga 60, amma dokar da ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa tana magana ne a kan 'yan 70. Wanne za a ɗauka?

Ko an ɗauki ɗaya, da me za a tabbatar? Wanda ke neman cika sittin a wannan zamani an haife shi ne wajen shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, kuma a ƙauyukanmu na wancan lokaci wa ke yankar takardar haihuwa? Ka tambayi tsohuwa shekarunta, za ta ce maka tana goyon ɗanta na fari aka kashe Murtala, ko kuma ta yi wayo lokacin babban farin nan na 1973. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, mai kwamfuta ne ya dubi fuska ya yanka wa mutane shekaru, shi ya sa za ka tarar rabin unguwa ranar 1 ga Janairu aka haife su. Wasu ma'aikatan kuma, kowa ya sani, sun rage shekaru don su daɗe a ofis. Duk ranar da aka ce magani kyauta ne ga ɗan sittin, to ranar za a ga masu ƙarin shekaru, kuma mai ɗan'uwa a sakatariya shi zai riga kowa tsufa.

Babban abin dai shi ne ciwon ba ya jiran sittin. Binciken masana ya nuna kusan mutum uku cikin kowane goma na manyan Najeriya suna da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Yana fara kama mutane tun suna arba'in da 'yan kai. Mugun halinsa shi ne ba ya ihu. Mutum zai sha ƙwaya kwana biyar, ya ji kansa ya daina sarawa, ya ce ai na warke, ya ajiye. Jinin kuwa ya koma ya hau, yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda a hankali kamar gara a cikin azara. Wata safiya a tashe shi sallar asuba a tarar baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. Sai a ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa, a fara yawon neman rubutu da hayaƙi, alhali maganin da zai tare abin tun farko ƙwaya ɗaya ce a rana. Ciwon suga ma haka yake tafiya: ɗan ƙaya ya soki ƙafa a gona, gyambo ya ƙi warkewa, a ƙarshe a yanke ƙafar.

A nan ne lissafin ke ba ni mamaki. Magungunan farko na waɗannan cututtuka, irin su amlodifin na hawan jini da metfomin na suga, tsofaffin magunguna ne, kamfanoni da dama na yin su a Indiya da nan gida, kuma idan aka saye su da yawa a sari suna cikin mafiya arha a duniya. Amma idan ƙoda ta tsaya, sai an ɗauko mutum daga Gwarzo an yi tafiyar kilomita wajen saba'in zuwa birni, asibitin Malam Aminu Kano ko makamancinsa, a yi masa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama dubban nairori masu yawa. Na san gidajen da aka sayar da shanun huɗa, aka jinginar da gona, aka taɓa kayan ɗakin amarya, kuma daga ƙarshe aka dawo da gawa. Kuɗin wankin mako ɗaya ya isa ya sayi ƙwayar shekara.

Daga 2023 abin ya ƙara ta'azzara. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a watan Yuni, kuma yawancin magungunanmu ko sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. A watan Agustan 2023 ɗin kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, farashin abin shaƙa na masu asma da wasu magungunansa ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani na Sabon Gari, aka tura 'yan sari sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya, abin da ya taimaka wajen tsare inganci, amma bai sa ƙwaya ta yi arha a aljihun dattijon ƙauye irin Lakwaya ba. Dama can, a cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, sama da 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa.

To, a ce komai kyauta ga duk mai furfura? Nan ma ina da ja. Akwai Alhajin da ya haura sittin yana da tireloli a hanya da rumbuna cike da hatsi, ga kuma bazawara 'yar arba'in da takwas mai marayu biyar da hawan jini. Dokar da za ta ɗauke wa na farko ta bar ta biyu ba adalci a cikinta. Sannan mun san halin kalmar kyauta a asibitocinmu. Sau nawa aka yi shela a rediyo, mutum ya je, a duba shi, a rubuta masa takarda a ce babu, ya je waje ya saya? Maƙwabtanmu sun ɗanɗana wannan. Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, iyaye suka yi tururuwa, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu har bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Senegal a 2006 ɗin ta fito da shirin kula da 'yan sittin zuwa sama kyauta, zamanin Abdoulaye Wade, shi ma rashin biyan asibitoci a kan kari ya rage masa armashi. Ghana kuwa, inda 'yan'uwanmu ke zaune a zangonnin Kumasi da Accra, ta ɗauke wa 'yan saba'in kuɗin shiga inshora, wanda ke nufin ɗan sittin da biyar sai ya ci gaba da biya ko ya haƙura.

Dalilin bushewar kanta ba ɓoyayye ba ne. Tun taron Bamako na 1987 ƙasashen Afirka suka rungumi tsarin juya kuɗin magani: a zuba wa asibiti jari na magani, ya sayar da ɗan sauƙi, ya sake saro wani da kuɗin. A Kano akwai hukumar da ke saro magani tana rarraba wa asibitocin gwamnati a kan wannan tsari, kuma shi ya sa sau da yawa maganin cikin asibiti ya fi na waje arha da aminci. Amma jari ne kamar na mai ƙosai. Idan aka ce ta ba wane kyauta, ta ba wance kyauta, ba a mayar mata da kuɗin wake da mai ba, jibi ba za ta hura wuta ba. Duk ɗan siyasar da ya ce kyauta, a tambaye shi wa zai biya, kuma yaushe.

Abin da nake gani shi ne a bar zancen ranar haihuwa, a dubi ciwon. Ba sabon abu ba ne. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasar nan, haka maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ba a tambayar shekarun kowa, ana duba abin da gwaji ya nuna ne kawai. A Ingilar ma mai shan maganin suga ba ya biya ko shekarunsa talatin. Jihar Kano kanta ta fara shirin haihuwa kyauta tun 2001, bisa la'akari da lalura. Me zai hana a ware ɗan gajeren jeri, magani biyar ko shida na hawan jini da suga, a ce duk wanda ma'aikacin lafiya ya auna ya tabbatar yana da ciwon, aka rubuta sunansa a rajistar asibitin mazaɓarsa, zai karɓi na wata guda ba tare da biya ba, ko ɗan arba'in da biyar ne ko ɗan tamanin? Alhaji mai tireloli ba zai zo ya bi layi a asibitin sha-ka-tafi don ƙwayar da ba ta kai kuɗin man motarsa na yini ba, don haka tsarin da kansa zai tace. Sauran magunguna masu tsada kuma a bi ta hanyar taimakekeniya, a kuma tabbatar wanda aka yi shekaru ana cirar albashinsa bai faɗo daga jerin ba ranar da ya karɓi takardar sallama.

Hanyoyin kuɗin ma akwai su a rubuce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Kano na da mazaɓu 484, goma a Gwarzo, goma a Kabo. Sabuwar dokar inshorar lafiya da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, kuma ta ambaci tsofaffi a cikinsu. Jihar tana da nata asusun amana na lafiya tun 2017. Kano na cikin jihohi biyu, ita da Ogun, da aka fara gwada shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci daga 2020, inda aka nuna cewa ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya auna jini ya ba da magani bisa ƙa'ida mai sauƙi ba sai an jira likita ba. Ga kuma Hukumar Zakka da Hubusi. Attajiranmu sun iya gina masallaci a kusa da masallaci, amma ban cika jin wanda ya yi waƙafin maganin hawan jini ga mazaɓarsa ba, alhali mutanen da ke cika sahun gaba a masallacin su ne masu buƙatarsa.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Wanda ke da mahaifi ko mahaifiya a gida, in ya tashi aika kuɗin cefane daga birni, ya ware na magani daban, ya sayi na wata cur, kada a bar tsoho da yankan almakashi. A nemi mai harhaɗa magani ya nuna irin wanda ya fi arha mai sinadari ɗaya da wanda likita ya rubuta, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, a guji na talla a tire da rana ta gasa. Duk wanda ya haura arba'in ya riƙa miƙa hannu ana auna shi ko yana jin garau. Wanda aka ɗora a kan ƙwaya kada ya ajiye don ya ji sauƙi, kuma in azumi ya zo ya tambayi likita yadda zai sauya lokacin sha, musamman mai suga.

Sannan a je asibitin mazaɓa da katin ɗan ƙasa a tambayi shugaban asibitin ko ana rajistar masu rauni, da yadda ake shiga. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da ya kamata ya san sunayen da aka tura. Idan kansila ko ɗan majalisa ya zo gaisuwar sallah ko neman ƙuri'a, dattawan mazaɓu irin su Kutama da Godiya su tambaye shi a gaban jama'a: mutum nawa aka yi wa rajista a mazaɓar nan, kuma yau akwai maganin hawan jini a kantar asibitinmu ko babu?